Lasisin harbin kura da zaki: Wa za a ba, mai fili ko mai garke?

Ranar kasuwar dabbobi ta Tourou da ke bakin garin Parakou, ina zagayawa da rikoda ina ɗaukar farashin raguna saboda shirinmu na manoma da makiyaya, sai wani dattijon Bafulatani da ya sauko daga yankin Banikoara ya riƙo hannun rigata. Ya ce, "Malam mai rediyo, ku da kuke jin labarin duniya, da gaske ne a Faransa gwamnati na ba makiyayi takarda ya harbe dabbar da ke cin tumakinsa?" Na ce, "Da gaske ne, Baffa." Ya yi jim, sannan ya ce a damina guda kura ta shigar masa garke sau uku, ta tafi da maruƙa biyu da tunkiyar matarsa, kuma duk wanda ya kai wa kuka sai ya ce ya yi haƙuri, ai dabbar gwamnati ce. "To ni shanun nawa na wane ne?" in ji shi.

Da na koma na sa muryarsa a cikin shirin, waya ba ta huta ba har lokaci ya ƙare. Abin da ya ja hankalina shi ne, waɗanda suka fi ɗaga murya wajen neman a fito da irin wannan takarda a nan Jamhuriyar Benin yawancinsu ba makiyaya ba ne. 'Yan kasuwa ne da tsofaffin ma'aikata da suka sayi manyan gonaki a kan hanyar Djougou da ta N'Dali da ta Tchaourou, suka dasa kashu, suka zuba 'yan shanu da tumaki, suka ɗauki yaro yana duba musu. Hujjarsu ita ce, idan har hukuma za ta ba wani izinin harbi, to ta ba mai takardar fili, domin shi ne aka san sunansa da iyakar gonarsa, shi ne kuma za a iya riƙewa idan ya wuce gona da iri. Magana ce mai kama da hankali, don haka ya dace a tankaɗe ta a rairaye tun kafin wani ɗan majalisa ya ɗauke ta ya kai zauren Porto-Novo.

Da farko dai labarin da Baffa ya ji ba ƙanzon kurege ba ne. Kyarkecin Turai, wanda aka ƙarar da shi a Faransa tun wajen shekarun 1930, ya sake ɓullowa ƙasar daga Italiya a 1992, ya hayayyafa, ya addabi masu kiwon tumaki a kan duwatsu. A watan Disamba na 2024 ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar Bern ta kare namun daji suka sassauta kariyar da ake ba shi, Tarayyar Turai ita ma ta gyara tata dokar a 2025. Masu tsegumi a can sun ce abin ya ƙara sauri ne tun bayan da kyarkeci ya kashe wani ɗan dokin shugabar hukumar Tarayyar, Ursula von der Leyen, a Jamus a 2022. Ko gaskiya ne ko sharri, ya dai nuna cewa a ko'ina kukan babba ya fi saurin isa kunne.

Amma abin da masu buga mana waya ba su ji ba shi ne yadda takardar take. A tsarin da Faransa ta yi shekaru tana bi har zuwa 2025, wakilin gwamnati na jiha shi ke ba da izinin, kuma mai garke ake ba, ko da kuwa makiyayar da yake kai tumakinsa ta gari ce ko ta wani. Sai ya nuna ya yi nasa ƙoƙarin tukuna, ya kafa shinge ko ya ajiye karnukan tsaro ko ya sa mai gadi. Wanda zai riƙe bindigar sai yana da lasisin farauta, ba ya harbi sai a kusa da garken, duk wanda aka kashe sai an sanar da hukuma. Sannan akwai adadin da ba a ƙetarewa a ƙasa baki ɗaya. A ƙarshen 2024 an ƙiyasta kyarketai 1,013 ne a Faransa, gwamnati ta ce kada a kashe fiye da 192 a 2025. Bayan wannan duka, tunkiyar da aka tabbatar kyarkeci ne ya kashe ta, gwamnati na biyan diyyarta. Ke nan takardar harbi guntu ce a cikin wani tsari mai cin kuɗi da ma'aikata, wanda ya ginu a kan sanin adadin dabbar da ake magana a kanta.

To mu dawo gida. Dokar namun daji ta Benin, wato doka mai lamba 2002-16 da aka sa wa hannu ranar 18 ga Oktoba 2004, ta ɗauki naman daji a matsayin dukiyar ƙasa. Mallakar fili ba ta ba mutum mallakar barewar da ta ratsa cikinsa, balle zaki. Dokar ta kasa dabbobi aji-aji, wasu ba a taɓa su sam, wasu ana farautarsu da lasisi a lokacin da aka ƙayyade. Kamar sauran ƙasashen da Faransa ta mulka, mun gaji ƙa'idar cewa ba a hana mutum kare ransa idan dabba ta far masa, da kuma cewa hukuma na iya shirya farauta ta musamman idan wata dabba ta zama annoba ga jama'a. Ashe ƙofar tana nan a rubuce. Matsalar ita ce tazarar da ke tsakanin rugar Baffa da teburin da ake sa hannu. Kafin ya samu mai rubuta masa koke da Faransanci, kafin koken ya isa ofishin jami'an gandun daji, kafin a samu man babur a zo a duba, ruwan sama ya wanke sawun, ungulu sun gama da abin da ya saura.

Wajibi ne kuma mu tambayi kanmu, wace dabba ce ke yin ɓarnar, kuma dabbobin wa take ci? A nan muna da amsa daga 'yar ƙasa. Malama Etotépé Sogbohossou ta Jami'ar Abomey-Calavi da abokan aikinta sun bi ƙauyukan da ke kewaye da gandun dajin Pendjari suna tambayar jama'a asarar da suka yi tsakanin 2000 da 2007, suka fitar da sakamakon a 2011. Daga cikin asarori 752 da aka ba su labari, kura ce ta yi kashi 53.6 cikin 100, gwaggon biri kashi 24.8, zaki kuwa kashi 18 kacal. Abin da aka ci kuma, tumaki da awaki ne kashi 52.1, aladu kashi 42.3. Shanu kaɗan ne a lissafin, sai dai a cikin shanun da aka kashe, zaki ne ya yi kusan kashi 79.

Duk wanda ya san zaman ƙauyukan Tanguiéta da Matéri, ko ma kowane ƙauye na arewacin ƙasar nan, ya san akuya da tunkiya da alade dukiyar wa ce. Ta mata ce da ƙananan manoma. Ita ce asusun da ake taɓawa ranar da yaro ya kwanta zazzaɓi, ko aka koro shi daga makaranta, ko suna ya taso. Matar da kura ta ɗauke wa akuya biyu daga cikin huɗu ta yi asarar rabin jarinta a dare guda, ba ta da fili a rubuce, ba ta da bindiga, ba za ta taɓa zuwa wani ofis neman lasisi ba. Shanun da zaki ke kayarwa kuwa galibi na Fulani ne, waɗanda da yawansu iyayensu da kakanninsu sun zauna a inda suke ne da yardar masu ƙasa na gargajiya, Bargawa ko wasunsu, ba tare da ko ƙyallen takarda ba. Dokar filaye ta 2013 ta buɗe hanyar yi wa filin gargajiya rajista, amma wanda aka ara wa wuri ya kafa ruga ba shi ne mai zuwa ya yi rajistar ba. Idan aka ɗaure lasisin harbi a jikin takardar fili, to an tsallake mutanen da binciken ya nuna su ke yin asarar, an miƙa shi ga Alhajin da ke kwana a Parakou ko Kwatano, wanda gonarsa ke da tafiyar sa'o'i daga inda zaki na ƙarshe yake.

A nan Titirou, in za mu faɗa wa juna gaskiya, ba mu da kura mai ƙafa huɗu. Masu cin awakinmu su ne karnukan da ba su da masu su, da motoci, da kuma ɓarayin da ke zuwa da babur da asuba, musamman idan Babbar Sallah ta matso. Da na tambayi ɗaya daga cikin masu gonakin da suka bugo wace dabba ce ta taɓa shigar masa, sai ya yi 'yar dariya ya ce, "Malam, kai ma ka san abin da nake nufi."

Na san abin da yake nufi, kuma shi ne babban abin tsoro a cikin wannan magana. Abin da ke shiga gonar kashu da waken suya a Borgou da Donga shanu ne. Kowace shekara idan kaka ta yi, sai mun karanta sanarwar rikici tsakanin manoma da makiyaya, wani lokaci har da asarar rai. Gwamnati ta fito da dokar kiwo a 2019, a ƙarshen shekarar kuma ta hana shigowar shanun ƙetare, ta kuma shiga shirin zaunar da makiyaya wuri guda, amma burtali da mashaya na ci gaba da tsukewa a duk inda gona ta faɗaɗa. A irin wannan yanayi, ka ba ɓangare guda takardar da ta halatta masa ya ajiye bindiga a bukkar gona ya yi harbi da dare, ka hana ɗaya ɓangaren saboda ba shi da fili, me kake tsammani? Yaron gonar da aka bar wa bindiga zai ga idanu na ƙyalli a cikin duhu ya saki wuta. Gari na wayewa a tarar da karen makiyayi ne, ko maraƙi, ko ma yaron da ke biye da su. Mai gona zai fito da takardarsa ya ce kura ya yi zato. Mutanen Parakou ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan haka, domin sun ga irin rigingimun da ke biyo bayan farautar taron da matasa ke fita da motoci a kowane rani.

Sai batun zakin kansa. Mutane da yawa a nan suna ɗauka zaki na nan jibge a daji kamar yadda kakanni suka ba da labari. Wani bincike da masana ƙarƙashin jagorancin Philipp Henschel suka fitar a 2014, bayan sun shafe shekaru suna bin gandayen dajin yankin, ya ƙiyasta cewa zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma kakaf ba su wuce kimanin 400 ba, manyan da suka isa haihuwa kuma ba su kai 250 ba. A wurare huɗu kawai aka same su: Niokolo-Koba a Senegal, da Kainji da Yankari a Nijeriya, sai kuma dajin W da Arly da Pendjari da ya haɗa Benin da Burkina Faso da Nijar, inda kusan kashi 90 cikin 100 nasu suke. A 2015 aka sa zakin Afirka ta Yamma a jerin dabbobin da ke dab da ƙarewa. Faransa na iya cire kyarkeci 192 a shekara ta kwana da sanin cewa saura za su maye gurbi. Mu idan lasisi ashirin suka fita, kowane mai lasisi ya yi sa'a sau ɗaya, an taɓa jarin da ba a sayo shi a kasuwa. Ga shi kuma masana sun daɗe da lura cewa idan aka kashe namijin da ke riƙe da garken zakuna, baƙon namijin da ya gaje shi kan kashe 'ya'yan da ya tarar, ta yadda harsashi guda ke zama sanadin rai uku ko huɗu.

Kura ta fi zaki yawa, kuma babu mai yi mata waƙar yabo. Amma ita ma harbinta bai cika magance abin ba, domin a ƙungiya take rayuwa, kuma abin da ke jawo ta gari yana nan: akuyar da aka ɗaure a turke a fili, da shingen kara da ya ruɓe da damina, da mushen da aka yar a bayan gari. Ka kashe wadda ta zo yau, 'yar uwarta ta san hanya. Binciken Malama Sogbohossou ma ya nuna yawan ɓarnar na tafiya da watan da ake ciki, da ruwan da aka yi, da kusancin ƙauye da gandun daji, kuma shawarar da ya ƙare da ita ita ce a gyara yadda ake killace dabbobi.

Bugu da ƙari, duk wanda zai yi maganar ƙara bindigogi a arewacin Benin yau, dole ya tuna wane daji ake magana a kai. A ranar 1 ga Mayu 2019 aka sace Faransawa biyu masu yawon buɗe ido a Pendjari, aka kashe jagoransu Fiacre Gbédji. A watan Disamba na 2021 aka kai wa sojoji hari a Porga. A Fabrairun 2022 nakiyoyin da aka binne a gandun dajin W suka hallaka mutum tara, cikinsu har da masu gadin dajin. Gwamnati da kanta ta tabbatar da rasuwar sojoji 54 a hare-haren da aka kai a yankin na W ranar 17 ga Afrilu 2025. A gefen dajin da soja ke sintiri da yatsa a kan kunama, makiyayin da aka gani da bindiga da dare ba za a tsaya tambayarsa lasisi ba. Fulanin yankin suna cikin tsaka mai wuya tun ba yau ba, 'yan bindiga na matsa musu, hukuma na yi musu kallon zargi. Da na faɗa wa Baffa haka a kasuwa, ya ce ko kyauta aka ba shi bindiga ba zai kwana da ita a ruga ba. Shi so yake idan ya kai kuka a zo.

Sai dai kuma kada masu kare namun daji su karanta wannan su ce shi ke nan, a bar abin yadda yake. Barin sa yadda yake shi ne ya fi kowace hanya kashe dabbobin. Makiyayin da aka ce wa ya yi haƙuri sau uku, a na huɗu ba ya zuwa ofis. Shagon maganin ƙwari yake zuwa. Banikoara ita ce cibiyar noman auduga a ƙasar nan, kuma tana jingine ne da gandun dajin W, don haka guba ba ta da wuyar samu a kowane gida. Mun san ƙarfin waɗannan magunguna a jikin mutum ma, domin a kakar audugar 1999 zuwa 2000 an ƙirga aƙalla mutum 37 da suka rasu a Borgou sanadiyyar maganin endosulfan, wanda daga bisani aka haramta shi a 2008. Idan aka barbaɗa irin wannan a kan ragowar saniyar da zaki ya kayar, ba wanda ya yi laifin kaɗai ke dawowa ci ba. Garken gaba ɗaya ke zuwa, kuraye su biyo, dila ya biyo, karnukan ruga su biyo, da safe ungulu su sauka. A Botswana a 2019 an tarar da ungulaye 537 a mace a kan gawar giwaye uku da aka sa wa guba. Babu lasisi a nan, babu ƙidaya, babu wanda zai ce ya gani.

Maganar ungulu ma abin dubawa ce. A Amurka akwai wata baƙar ungulu da ta yi yawa har tana far wa maruƙan da aka haifa, shi ya sa hukuma ke ba masu kiwo izinin kashe 'yan ƙalilan duk da dokar 1918 da ta kare ta. Mu kuwa tamu ungulun, wadda muka tashi muna gani jere a kan rufin mahauta, ita ma tun 2015 tana jerin masu dab da ƙarewa. Wanda ya girme ni a Zongo ya tuna yadda suke cika kwata, ya je yau ya ƙirga.

To mene ne abin yi? A ganina, idan har za a rubuta wata takarda, a rubuta ta da sunan garke da ƙauye. Wanda aka yi wa ɓarna, mace ko namiji, mai fili ko baƙo, ya samu wuri guda da zai kai ƙara da bakinsa, da harshensa, a wurin mai gari ko wakilin ƙungiyar makiyaya, ba tare da ya biya ko dala ba. A ɗaure hukuma da wa'adi, a ce cikin kwana biyu wani ya zo ya duba sawu da gawar, ya rubuta. Idan aka tabbatar dabba guda ce ta saba, tana dawowa, to a fitar da izinin a kan wannan dabbar, na 'yan kwanaki, kuma wanda zai yi harbin ya zama ma'aikacin daji ko maharbin da hukuma ta sani ta horar, ba yaron gona ba. Ba sabon gini ake bukata ba. Ƙungiyoyin ƙauyuka na AVIGREF suna nan kewaye da gandayen tun zamanin da hukumar CENAGREF, wadda aka kafa a 1996, ke riƙe da su. Ƙungiyar makiyaya ta ANOPER, mai tushe a Gogounou, tana da wakilai a kasuwannin dabbobi. Ƙungiyar African Parks, wadda gwamnati ta damƙa wa Pendjari a 2017 da W a 2020, tana da motoci da jirgi da na'urorin da ake ɗaura wa zaki a wuya ana bin sawunsa. Wanda ke iya sanin inda zaki ya kwana, ba zai gagara aika wa rugar da ke kusa saƙon waya ba.

Diyya ita ce gaɓar da kowa ke kauce wa saboda kuɗi ne. Hausawa na cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, sai dai a wannan karon mutanen ƙauye ne a matsayin kurar. Duniya ce ke son a bar zakin Pendjari, har hukumar UNESCO ta sa dajin W da Arly da Pendjari a jerin kayan gadon duniya a 2017, amma matar da ke Batia ko Tanongou ita ke ciyar da namun dajin da akuyarta. A da akwai ɗan abin da ke sanyaya rai, domin an tsara ƙungiyoyin AVIGREF su riƙa karɓar kashi 30 cikin 100 na kuɗin da Turawa mafarauta ke biya, har da naman da aka harbo. Wannan kuɗi ya dogara ne da zuwan baƙi, baƙi kuwa sun ja baya bayan 2019 da ƙasashensu suka gargaɗe su game da yankin. Ƙarar bindiga ta kori mai biya, kura kuwa ba ta fasa zuwa ba.

Kenya ta gwada sa diyya a cikin dokarta ta namun daji ta 2013, kuma darasin da ya fito daga can shi ne alkawarin da ba a ware masa kuɗi ba yana tara bashi ne da ɓacin rai, domin mutane sun yi shekaru suna jiran a biya su. Don haka gara a yi alkawarin rabin kuɗin akuya a biya cikin wata guda, da a yi alkawarin cikakken kuɗin saniya a bar mutum yana sintiri. A kuma ɗaura biyan a kan gyaran makwanci: wanda ya kwanar da dabbobinsa a cikin shinge mai ƙarfi aka shigar masa, a biya shi, wanda ya bar su a sake a rage masa. A can Kenyan ne wani yaro Bamasaye mai suna Richard Turere, da ke kiwon shanun mahaifinsa a gefen gandun dajin Nairobi, ya haɗa batirin mota da fitilu masu walƙiya ya jera a jikin shinge, zakuna suka riƙa ɗauka mutum ne ke yawo da tocila. Faifan hasken rana da 'yan fitilu yanzu suna nan a kowace kasuwa daga Parakou har Malanville. Kuɗin wayar shinge da fitilun ruga guda bai kai abin da ake kashewa a taron bita na yini ɗaya a otel ba, kuma na halarci irin waɗannan tarurruka da yawa, na ci shinkafarsu.

Ga 'yan uwana masu manyan gonaki kuma, kukansu na tsaro gaskiya ne, ana yi musu sata, ana yi musu ɓarna. Amma wannan magana ce ta 'yan sanda da kotu da kwamitocin sasanta manoma da makiyaya da ke ƙarƙashin magadan gari. A kira ta da sunanta a nemi maganinta a can. Idan aka shigo da ita ta ƙofar dokar namun daji, za a samu bindiga a gonar da ba kura, rugar da kura ke shiga kuma ta ci gaba da jiran mai zuwa duba sawu.

Kafin mu rabu da Baffa a Tourou ya sayar da bijimi guda, na ga yana ƙirga kuɗin yana ware wasu a aljihun gaba. Ya ce na waya ne da ƙusa, zai tsaya a Kandi ya saya, domin ƙayar da yake sarowa yana yin shinge da ita yanzu sai ya shiga inda aka hana shiga kafin ya same ta. Na tambaye shi idan kurar ta haƙa ta ƙarƙashin wayar fa? Ya ce a lokacin zai sake nemana, in sa muryarsa a rediyo karo na biyu, ko wani a Kwatano zai ji. Ya karɓi lambar gidan rediyon a rubuce a bayan takardar shaidar cinikin bijimin, ya cusa a hula.